Malam Inuwa To da Wasan Ba-Shiri a Shekarar Mura

Duk wanda ya zauna a layin teloli na Fagge a zamaninmu ya san Yaya Inuwa bai iya cewa a'a ba. Kada ku ɗauka yabonsa nake yi, don ba kirki ne ya jawo hakan ba, taurin kai ne tsagwaronsa. Ko me ka zo masa da shi, daɗi ko ɗaci, gaskiya ko ƙarya, sai ya ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, "To, daga nan fa?" Shi ya sa har ya bar duniya ba mai ce masa Inuwa Tela, sai Malam Inuwa To. Ni ne Habu, ɗan ƙanin mahaifinsa. Rumfarmu ɗaya da shi, kekena yana manne da nasa shekara da shekaru, saboda haka ni na fi kowa shan wannan "to" ɗin, ni kuma na fi kowa jin haushinta.

Wasunku za su tuna ranar da Ɗanladi mai faci, wanda ke gyaran kekuna a bakin titi, ya zo yana huci da wando a hannu. Wai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kuma da gaskiyarsa, don a gabana aka yanka wandon, Yaya yana yanka yana ba da labari, almakashi ya bi labarin ya bar layin alli. Wani telan da sai ya yi musu, ko ya ba da haƙuri. Yaya cewa ya yi to, a sa wandon a taka mu gani. Ɗanladi ya sa, ya shiga tafiya yana ɗingishi da gangan don ya nuna wa jama'a irin cutar da aka yi masa, yana jan ƙafa yana zumɓura baki. Layi gaba ɗaya ya bar ɗinki, ana ta dariya har da masu riƙe ciki.

"Ka ga abin da ka yi mini?" in ji Ɗanladi.

"Na gani," in ji Yaya. "Wandon yau zan gyara maka. Tafiyar ce kada ka kuskura ka gyara, ka kawo mana ita ranar Lahadi."

Haka Ɗanladi ya shigo wasan ba-shiri, ya zama na huɗunmu.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, wasan ba-shiri wasan kwaikwayo ne da Yaya ya ƙirƙiro, ba rubutu, ba gwaji, ba wanda ya san abin da zai faɗa sai ya buɗe baki. Kowace Lahadi da la'asar muke yi, a wani fili bayan rumfunanmu, daidai inda Fagge ta ƙare Sabon Gari ta fara. 'Yan kallo ne ke jefo kalma, wani ya ce kasuwa, wani ya ce jirgin ƙasa, wani ya ce suruki, mu kuwa mu cafe mu gina wasa a kai nan take. Doka ɗaya ce: duk abin da abokin wasanka ya ce, ya zama. In ya ce kai jaki ne, ka fara haniniya ka nemi abin da za ka ƙara. Wanda ya ce a'a a fili, shi zai mayar da bencina shagon Mista Ejike bayan an tashi. Ba sai na gaya muku wa ya fi ɗaukar benci ba, har yau wuyana yana tuna mini.

Mista Ejike kafinta ne, Ibo, Kirista, mazaunin Sabon Gari, shi ya haɗa mana bencinan, shi ne kuma na ukunmu. Hausa a bakinsa ba laifi, matsalarsa ɗaya, duk abin da ka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ya leƙa bayan magana. Saboda irinsu ne aka zaɓi Lahadi, lokacin sun taso daga coci, ma'aikatan reluwe kuma suna hutu. Kun san bayan tashin hankalin nan da aka yi 'yan shekaru kafin haka, mutanen Fagge da na Sabon Gari sun ɗan ja baya da juna, ciniki kawai ke haɗa su, shi ma a tsaye. Filin nan ne kaɗai na sani inda za ka ga mahaucin Fagge da akawun Sabon Gari a benci ɗaya suna dukan kafaɗar juna. Yaya ya yi imani cewa ran da aka tsallake Lahadi ɗaya, kowa zai tuna yana da wani wurin zama, kuma ba za a sake haɗa su ba. Ruwa ko rana, Sallah ko Kirsimeti, bai taɓa yarda an tsallake ba.

Sai maganar maƙon Yaya. Kayan wasanmu gaba ɗaya a jaka ɗaya suke: riga guda da ya harhaɗa da ƙyallayen da ke zuba a ƙasan keke, hula guda, da gemu guda wanda ya yi da gashin wutsiyar sa. Gemun nan shi ne na alƙali, shi ne na boka, shi ne na tsohon da ya ɓata a tasha. In wasa ya kawo tsofaffi biyu, wanda ke magana shi ke sa gemu, in ya gama ya ciro ya miƙa wa ɗayan ya ba da amsa. Na taɓa ce masa mahauta fa kyauta za su ba mu wata wutsiyar. Ya ce to, amma in tsofaffi biyu suka sami gemu biyu, a lokaci ɗaya za su riƙa magana, wa zai ji wani?

Ana nan, shekara uku kafin a sami 'yancin kai, da damina, murar nan ta shigo gari. Ba irin wadda aka saba ba ce. Mutum zai fito da safe garau, kafin azahar yana rawar sanyi, kai kamar zai tsage, tari ba tsayawa. Tsofaffi suka ce annobar marisuwa ce irin ta zamanin ƙuruciyarsu ta dawo. Gida guda sai a kwanta gaba ɗaya, a rasa mai ɗebo ruwa. Da yawa sun tashi, amma ta tafi da wasu, musamman tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Aka yi shela a daina taruwa in ba dole ba, aka sallami yara daga makaranta, Mista Ejike ya jera bencinansa a bayan shago ya rufe su da buhu.

A makon farko ta ɗauke Ɗanladi. Saurayi ne mai ƙarfi, sai dai yana da tsohon tari. Ranar Litinin muka gaisa da shi a bakin titi, ranar Juma'a muka kai shi. Mahaifiyarsa, Iya mai ƙosai, wadda ke kafa kaskonta a bakin filinmu duk Lahadi, ita kaɗai ta rage a gidan.

Da muka dawo daga maƙabarta na ce wa Yaya wasa ya ƙare, aƙalla sai gari ya yi lafiya. An hana taro, ɗaya daga cikinmu ya tafi, na kuma ji an ce Mista Ejike ma yana kwance. Ya dube ni ta saman tabarau ya yi mini tambayar nan tasa. Raina ya ɓaci, na ce daga nan sai kabari, in bai sani ba ya sani. Ya ci gaba da taka kekensa.

Ranar Lahadi da la'asar sai ga aike daga matarsa, Yaya Asabe, wai in taimaka in bi bayansa, ya ɗauki jakar wasa da tef ɗin awo ya nufi Sabon Gari. Na bi shi ina ƙunƙuni, niyyata in kamo hannunsa in dawo da shi gida.

Gidan da Mista Ejike ke haya irin na Sabon Gari ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowane iyali da ɗakinsu. Matarsa ta tafi garinsu haihuwa da yaran, shi kaɗai ne. Maƙwabta suna ajiye masa abinci a bakin ƙofa, kwana uku kwano na dawowa yadda aka kai shi. Yaya ya naɗe bakinsa da hancinsa da wani ƙyalle kamar mai amawali, ya tsaya nesa kaɗan da taga, ya yi sallama, ya ce sannu Mista, ya jiki?

To kun san yadda ake amsawa. Ko mutum yana gargarar mutuwa, in aka ce ya jiki, cewa zai yi da sauƙi. Amma Mista Ejike bai san ana yi wa gaisuwa ado ba. Daga ciki muka ji wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ba sauƙi, Malam To. Mutuwa zan yi."

Ban taɓa jin mara lafiya ya faɗi haka da bakinsa ba. Na buɗe baki zan ce subhanallahi, daina faɗar haka, Yaya ya riga ni.

"To. Daga nan fa? Wa zai yi maka akwatin? Kai kaɗai ne kafintan kirki a layin nan."

Yaya ya ce ba komai, tunda abota ta haɗa, shi zai yi. Ya warware tef ya fara awo daga waje, yana kirga tsawon mutumin da ba ya gani, yana faɗa da ƙarfi wai in rubuta. Ya ce katakon akwatin sabulu za mu samo a bakin kanti, ya fi sauƙin yanka. Ƙusa kuwa shi bai iya ba, ɗinkewa zai yi, ya sa maɓalli uku a murfi, ya kuma yi aljihu a gefe ko Mista zai so ajiye sigarinsa. Ni da na zo hana wasa, ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce Yaya katakon ba zai kai ba fa, sai dai a naɗe masa ƙafafu. Yaya ya ce to, a naɗe.

Sai muka ji gado ya yi ƙara. Ga Mista Ejike a taga, ya rame, ido ya faɗa, yana riƙe da ƙarfen taga yana haki. Ya ce ba wanda zai naɗe masa ƙafa. Shekara ashirin yana yi wa mutanen cocinsu akwati da katakon maɗaci, a goge, a shafa mai, shi ne za a zuba shi a kwalin sabulu kamar tumatir? Da maɓalli? Ya shiga yi mana karatun yadda ake haɗa kusurwa, yana tari yana nuna mu da yatsa. Na waiga, ashe duk ƙofofin gidan a buɗe suke, kowa na tsaye a bakin ɗakinsa, wasu a lulluɓe da bargo, ana dariya ana tari. Wata tsohuwa ta tura masa kwanon farfesu ta taga da sanda, ya karɓa ya fara sha ba tare da ya lura ba, yana sha yana faɗa.

"Ba zan mutu ba," in ji shi, "sai an sami kafinta a garin nan."

Yaya ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Ka ji ko, Habu? Aiki ya kuɓuce mana."

A hanyar komawa ya ce da ni wasan wannan Lahadin ke nan, ba a tsallake ba. Na ce ai wannan ba wasa ba ne, dubiya ce. Ya ce an jefo kalma, an cafe, an yi dariya, me ya rage?

Daga nan abin ya sauya salo. Tunda an hana mutane zuwa wurin wasa, wasa ya riƙa zuwa wurin mutane. Duk Lahadi da la'asar sai mu bi lungu-lungu, yau Fagge, mako mai zuwa Sabon Gari, mu tsaya a ƙofar gidan da aka ce akwai mai jinya. Mu tsaya a tsakiyar hanya nesa da juna, baki a ɗaure da ƙyalle, mara lafiya ya jefo kalma ta taga ko ya aiko da ita daga cikin gida. Maza su tsaya kowa a zaurensa, mata su leƙo ta kan katanga. Bayan mako biyu Mista Ejike ya miƙe ya dawo cikinmu, wandonsa na zamewa saboda rama. Ni dai ina bin su ne ina mita, kullum sai na ce wannan ce ta ƙarshe.

A mako na huɗu Malam Isa duba-gari ya ritsa mu a wani lungu kusa da kantin Bata. Kun san shi, mutumin Rijiyar Lemo, dogo, kakinsa a goge, bai taɓa murmushi a bakin aiki ba. Ya jingine kekensa ya ciro littafi ya ce an hana taro. Yaya ya ce to, ina taron? Malam Isa ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya bi ƙofa-ƙofa yana tambayar kowa me ya tsayar da shi a nan. Kowa ya ce ƙofar gidansa ce. Ya dawo ya tsaya yana buga fensir a littafi, ya rasa abin rubutawa. Ana cikin haka idonsa ya faɗa kan gemu, daidai lokacin da na cire shi daga haɓata, ƙarƙashin ƙyallen, na miƙa wa Mista Ejike. Ya tambaya ko kullum haka muke yi da shi, daga bakin wannan zuwa bakin wancan. Aka ce masa shekara shida ke nan.

Malam Isa ya sa aka kawo masa tukunyar tafasasshen ruwa daga wani gida, ya ɗauki gemun da tsinke ya tsoma, ya tsaya yana duban agogonsa. Da aka tsamo shi ya ƙanƙance ya murɗe, bai fi na ɗan akuya ba. Ya ce daga yau mutum ɗaya ke sa shi a rana, kuma a dafa shi kafin a mayar jaka, in ba haka ba zai rubuta mu. Yaya ya ɗaga gemun yana juya shi, ya ce to, alƙalinmu ya koma ɗan shekara talatin, sai a riƙa ba shi ƙananan shari'u. Duk lungun aka kwashe da dariya ban da Malam Isa. Kuma ina faɗa a gaban kowa, gaskiya na wurinsa a kan gemun nan, mu ne sakarkaru.

Bayan kwana goma sai ga takarda an kawo rumfa, da rubutunsa mai kyau, wai ana bukatar a duba wani gida a Rijiyar Lemo ranar Lahadi da la'asar. Muka je muka tarar gidansa ne, mahaifiyarsa ce a kwance. Ya tsaya a zaure da hannu a baya har muka gama, fuskar nan a murtuke. Da za mu tafi ya ce tsohuwa ta ce a gaya wa mai gemun ya sake dawowa.

A mako na bakwai ne ta kama Yaya. Ranar Laraba ya kasa taka keke, na raka shi gida yana cewa zafin rana ne, alhali hadari ne a sama. Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinsa ƙwarai, na ji haushin kaina da na riƙa binsa maimakon in ɓoye jakar. Har gobe ban sani ba ko yawon nan ne ya jawo masa, ko da yana zaune a rumfa ma za ta same shi, don ta sami waɗanda ba su leƙa ko ƙofar gida ba. Amma a lokacin na ɗora wa wasan laifi ɗungurungum.

Ranar Alhamis Mista Ejike ya zo rumfa ya tarar da ni ni kaɗai, ya tambayi jikin Yaya. Na ce da sauƙi. Ya yi murna, ya ce madalla, ya koma shagonsa. Bai sake zuwa ba sai ranar Lahadi da la'asar, ya iso ƙofar gidan Yaya da farar rigarsa ta coci, yana fito, a zatonsa mutumin ya warke za mu fita yawon wasa. Ya tarar da dattawan unguwa biyu zaune a zaure sun yi jugum, ni kuma ina tsaye a waje. Ya dubi fuskata ya daina fito.

"Malam Habu, ka ce da sauƙi."

"Haka ake cewa, Mista."

"Ko babu sauƙin?"

"Ko babu."

"Har mutum ya mutu?"

"Har ya mutu."

Ya cire hularsa ya tsaya yana murza ta. Ya ce kwana uku yana shago yana aikin banza, da ya sani da nan zai zo ya zauna. Kunya ta kama ni, don ni na san halinsa, da na faɗa masa dalla-dalla. Can ya ce yau Lahadi ce. Na ce ya rufa mini asiri, mutum na kwance rai a hannun Allah. Ya ce ai doka ce, mai jinya ke jefo kalma, a tambaye shi, in ya ce a'a shi ke nan. Mista Ejike ya san abin da yake yi, ya san bakin nan ba ya furta a'a.

Ɗakin Yaya yana da 'yar taga da ke kallon lungu. Muka zagaya muka tsaya. Yaya Asabe ta leƙo ta bayan labule ta ce wai ya ce kalmar ita ce Inuwa To, ta kuma miƙo mini tabaransa.

Na sa tabarau, na zauna a kan dutse ina taka keken da babu shi. Mista Ejike ya zama mai kawo labari. Ya zo a guje ya ce Malam To, akuya ta cinye yadin Alhaji. Na dube shi ta saman gilashi na ba shi amsar da kuka sani. Ya ce akuyar ta haɗiye allura. Na sake. Ya ce yanzu akuyar ta buɗe rumfa a kusa da tamu, har ta fi mu samun aiki. Maƙwabta sun fito ƙofofinsu, dattawan zaure ma sun leƙo, ana ƙyaƙyatawa, ni kuwa ina ta sauri ina tattaka maganata a kan dariyarsu, so nake in gama in huta. Muna jin tari daga ciki, irin tarin da dariya ke tayarwa. Sai dabara ta ƙare wa Mista Ejike. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Malam To, an ce kana kwance, kuma abokanka suna jin tsoro."

Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, sai labule ya motsa.

"Habu," in ji Yaya Asabe, "wai in gaya maka ka cika gaggawa. In mutane na dariya ka tsaya su gama, tasu ce ba taka ba." Ta ɗan juya ta saurara, sannan ta ƙara, "Kuma wai a dawo masa da tabaransa, kada ka wuce da shi."

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Kafin azahar mun kai shi. Mista Ejike ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hula a hannu har aka watse.

A makon ne kuma cutar ta fara ja da baya, ranar Asabar aka yi shela cewa yara su koma makaranta, jama'a su ci gaba da harkokinsu. Ni na riga na yanke shawara, wasa ya bi mai shi. Ban gaya wa kowa a zo ba. Ranar Lahadi da la'asar na tafi rumfa don in ƙarasa wata riga da Yaya ya bari allura na cikinta. Ina cikin ɗinki na ji ana ajiye katako a baya. Na leƙa, ga Mista Ejike yana sauke benci daga kansa, ya riga ya jera huɗu, ya jiƙe sharkaf da gumi. Na fita na rufe shi da faɗa, na ce kwana huɗu da binne mutum, jiya-jiya aka yi sadakar uku, me yake so a ce da mu? Ya juya ya tafi ɗauko na biyar.

Kafin ya gama jera su mutane sun fara zuwa, daga nan Fagge, daga can Sabon Gari. Duk an rame. Kowa ya nemi wurin da ya saba zama, sai ga gurabe a tsakani, ba wanda ya matsa ya cike su. Malam Isa ya jingine kekensa ya tsaya a baya. Iya mai ƙosai ta zo ba kasko, ta zauna a ƙarshen bencin gaba. Na fito tsakiyar fili da niyyar in yi musu godiya, in ce abin ya zo ƙarshe, kowa ya yafe wa mamaci. Na gyara murya ke nan sai Iya ta ɗago kai.

"Mura," in ji ta.

Ita ce ta binne ɗanta tilo. Wa zai ce mata a'a? Na juya na shiga rumfa na ɗauko tabarma da buta, na fito ina sallama da murya ta hanci, na ce ni ce Mura, baƙuwa daga nesa, kwana ɗaya kawai zan yi. Mista Ejike ya zama mai gida, ya ce ɗakin ya yi kaɗan. Na ce ba komai, a ƙirjinsa zan kwana. Ya ce gidan maƙwabci ya fi faɗi, na ce ai na aika ƙanwata can tun jiya.

Dariyar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba, ba ta da kyan ji, rabinta kuka ne. Mahauci ya kifa kai a kafaɗar akawu, Iya ta rufe fuska da mayafi jikinta na girgiza. Maganar da zan faɗa tana bakina, mai kyau ce kuwa, amma na riƙe ta. Na tsaya da buta a hannu a tsakiyar fili, hawaye na zuba, ina jira su gama. Sun daɗe ba su gama ba.

Shekara tara muka ƙara muna yi, ba mu tsallake Lahadi ba, har lokacin da wani rikicin ya tashi, zama ya gagara, Mista Ejike ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu.

Allah ya jiƙan Yaya Inuwa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa. Yadda ya tsaya a tagar marasa lafiya lokacin da kowa ke gudunsu, Allah kada ya bar shi shi kaɗai. Allah ya jiƙan Ɗanladi da Iya da duk waɗanda murar nan ta ɗauka. Mista Ejike kuma, in yana raye, Allah ya ba shi sauƙi na gaske. Amin.